Yadda za ka ja waya ka sa spot cikin plafon alhali babu hanyar hawa sama

Ɗan'uwa barka da warhaka. Tambayarka ita ce gidanka na nan Yamai rufin tol ne, plafon na kontraplake, salon metir 4 bisa 5 da ampul guda rak kusa da panka, kana son spot shida, wato ƙananan fitilun nan masu nutsewa cikin plafon, amma ba a bar ƙofa ko guda ba da mutum zai bi shi hau sama, kuma wani ya ce maka sai an ɓamɓare plafon ɗin gaba ɗaya. Ba sai an ɓamɓare ba. Aikin ga daga ƙasa muke yin shi, bisa tsani, kuma ramukan da za ka huda don spot ɗin su ne ƙofofinka, ta nan waya za ta shiga, ta nan za ta fito, ta nan kuma hannu zai koma gobe in wani abu ya lalace. Shi ya sa ko mi za ka yi kada ka ɓoye haɗin waya a wurin da hannu ba shi kaiwa ta ramin spot.

Kafin komi maganar kashe wuta, don nan ne ran mutum shike. Ka je ka sauke disjonkter, wato babban makashin wutar gida, da hannunka, ka gaya wa mutanen gida kada kowa shi taɓa, in da hali ka manna sikoci bisanshi. Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa garin nan, an ɗauke wuta sai mutum shi ce to bari in yi sauri in haɗa kafin a maido, wallahi wanga wasa da rai ne, NIGELEC ba ta sallama in za ta maido kuran, kana riƙe da waya tsirara bisa tsani sai 220 ta same ka. In kana da gurup ko sola mai ondiler su ma ka kashe su. Kuma ko ka sauke disjonkter ka gwada wayar kafin ka taɓa, ɗan turnabis ɗin testa mai kunna jar fitila ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, ka gwada da miltimetir, na'urar awon wuta, tsakanin wayoyin biyu da kuma tsakanin kowace da ƙasa, kuma ka fara gwada na'urar a wurin da ka san akwai wuta don ka tabbata tana aiki.

Sannan ka leƙa sama. Ka sauke tsohon ampul ɗin da dui nashi, wato mazaunin da ake murɗa shi ciki, za ka ga ɗan ramin da waya ta fito, in ya yi ƙanƙanta ka ɗan buɗa shi, ka kunna bidiyo da fitilar salularka ka tura ta ciki ka juya a hankali. Ka ɗaura mata igiya tukuna, in ta suɓuce cikin plafon ka shiga uku. Abu uku kake nema, tsawon da ke tsakanin plafon da tol, inda katakai sunka bi, da inda tsoffin wayoyi suke kwance don kada ka yanke su lokacin huda. Galibin gidajenmu masu rufin tol akwai fili sosai a sama, katakan da anka kafa plafon jikinsu raga ce kawai a kwance, waya na iya bi ta bisansu ba abin da zai tare ta, kuma in haka naka shike to rabin wahalar ta wuce.

Bari in ɗan ratse saboda masu karatu da plafon ɗinsu ba irin naka ba ne. Mai istaf ko plako, wato plafon na platir, ko lambri na roba duk hanyar ɗaya ce da ɗan bambanci wajen huda. Amma mai dal, wato siminti da bulon urdi a bisa kai babu plafon a ƙasanshi, shi kam kada shi yarda wani shi zo da marto da burin shi ce zai fafe mishi gurbin spot. Tsakanin urdi akwai putrel, wato dogayen sandunan siminti masu ƙarfe ciki, su ke ɗauke da nauyin ginin, in anka sare su ko anka tone ƙarfen tsatsa ta shiga, ba ranar za a gani ba, sai bayan damina biyu uku a ga tsagewa. Mai dal ko dai shi sa fitilun da ake ɗaurawa a fuska da gulot mai ɓoye waya, ko shi yi plafon na biyu a ƙasa da kamar santi 10, shi ke nan.

Yanzu zaɓen spot, kuma ka saye su kafin ka huda komi, don girman rami daga jikin spot shike fitowa, a rubuce shike bisa kwali. Iri biyu za ka fi samu a kasuwar Katako da sauran kankayeri. Akwai mai ampul GU10 da ke cin 220 kai tsaye, raminshi wajen milimetir 70 zuwa 80, shina son fili kamar santi 10 a sama, in ampul ya mutu ka murɗe ka canza shi kaɗai. Akwai kuma faifayin nan na LED, kaurinshi bai wuce santi 2 ba, shina zuwa da ɗan akwatin transfo nashi a gefe mai rage mishi ƙarfin wuta, raminshi ya fi girma, na wat 6 ya kan haura santi 10. Ni ga aiki irin naka na fi son faifayin in an samu mai kyau, don dalili guda, hannun babban mutum na shiga raminshi har gwiwar hannu, jan waya sai shi yi sauƙi. Amma in kana son abin da shekara biyar nan gaba za ka shiga ko wane shago ka samu madadinshi, GU10 ya fi, don faifayin nan kowane zuwa da girman raminshi, yau ka huda na wani gobe babu irinshi kasuwa. In shi ka zaɓa ka sayi biyu na ajiya tun yanzu.

Halojen kuwa ka manta da shi. Guda na cin wat 50, jikinshi na iya haura digiri 200, ka kai shi ka manna ga busasshen kontraplake da ƙurar hunturu ta kwanta bisanshi shekara da shekaru, ai neman gobara ne. LED na wat 5 ko 6 na ba da kusan haskenshi. Launi kuma 3000K ja-ja ne mai sanyin ido, 6500K fari ne fat irin na farmasi, mutanenmu sun fi ɗaukar fari amma ga salon ni 4000K nake ba mutum shawara, kuma ko wanne ka ɗauka duka shida su zama iri ɗaya.

Wurin zama. Salon 4 bisa 5, layi biyu, uku-uku, ka bar santi 70 zuwa 80 daga bango. Sai panka, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. Panka babba faɗinta na kai metir 1 da santi 40, in spot ya faɗo bisa inda fukafukanta ke bi, haske zai riƙa yankewa fil-fil-fil cikin ɗaki, minti goma kai ya fara ciwo, ƙarshenta sai ka zaɓa ko iska ko haske, kuma cikin watan Afirilu kowa ya san wanda za a zaɓa. To ka auna daga tsakiyar panka, kowane spot shi kasance aƙalla metir 1 nesa. Da layi biyu irin wanda na ce za ka tsira.

Ka sa alama da fensir, amma kada ka huda tukuna. Dole ka tabbata babu katako a bisa alamar. Ga kontraplake abin da sauƙi, kawunan ƙusa da baget ɗin da ke rufe haɗin faifai na nuna maka inda katako ya bi, kuma in ka ƙwanƙwasa da yatsa wurin da babu komi na amsawa kwam-kwam, wurin katako kuma tauri. Ga plako maganaɗisu na kama ƙarfen da ke sama, galibi duk santi 50 ko 60. Dabarar da ta fi duka tabbas ita ce ka huda ɗan rami da ƙusa a tsakiyar alamar, ka samu guntun waya mai tauri ka lanƙwasa ta kamar harafin L, gajeren ɓangaren shi ɗan fi rabin faɗin ramin da za ka yi, ka tura ta sama ka juya ta kewaye guda. In ta kewaya ba ta taɓa komi ba, bismilla. In ta ci karo, ka matsa santi kaɗan, ramin ƙusa ɗan masitik ke toshe shi, amma ramin santi 10 da ya faɗa rabin katako gyaranshi sai kafinta. In ka matsar da guda ka matsar da abokin layinshi, ido na ganin karkata.

Huda da si-kulosh, zarton nan mai da'ira, ake yi ga persez mai batir, tunda ka kashe wuta. A hankali, kada ka danna, da zarar ya ratsa ka tsaya don kada haƙoranshi su kama waya a sama. Kontraplake siriri ne, shina tsagewa, ka manna sikocin takarda bisa wurin kafin ka fara. Istaf kuma akwai zaren filas ciki, ga saurin gutsurewa, ka fara da juya persez baya-baya shi zana da'irar sannan ka juyo gaba. Ka sa tabarau ka rufe hanci, abin da zai zubo ba ƙura kaɗai ba ce, har da kashin ɓera da na jemage. Kuma da safe ake wanga aiki, da rana tsaka ƙarƙashin tol tanderu ne, iskar da ke fitowa ta ramin kanta ta ishe ka.

To ga zuciyar aikin, jan waya daga rami zuwa rami. Mutum biyu ne, tsani biyu in da hali. Tir-fil ɗin nan na roba da muke jan waya da shi cikin gen, wato tiyon da waya ke bi ciki, ba shi da amfani sosai a fili, nannaɗewa shike yi shi tafi inda ya ga dama. Abin da ke aiki shi ne abu mai ɗan tauri mai lanƙwasuwa, marfin gulot sirir mai metir 2 ya fi komi, ko tiyo na roba mai lamba 16. Ka ɗaura igiya mai ƙarfi a kanshi, ka yi mata ɗan madauki da ke lilo, ka tura ta ramin farko kana ɗaga kan sama don shi haye katakai, kana nufin rami na biyu. Abokin aikinka na can da fitila da ƙugiya ta waya, shina jin ƙarar tafiyarshi bisa plafon kar-kar, in ya iso shi sa ƙugiya shi kamo madaukin shi jawo igiyar ƙasa. Sai a ɗaure kabul ga igiya, a naɗe haɗin da sikoci shi yi sumul babu kafaɗar da za ta maƙale, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Kada a fizga. In ya tsaya ka koma baya kaɗan ka murɗa ka sake, galibi bakin ƙusa ne ya kama shi, kuma fizga na iya yage rigar kabul a inda ba ka gani. Tsakanin spot da spot a layi guda bai wuce metir ɗaya da rabi ko biyu ba, daga layi zuwa layi kuma kamar metir biyu da rabi, saboda haka kowane zango gajere ne, abin da ya sa dabarar ke ci ke nan.

In ka yi rashin sa'a plafon ya matse da rufi, katako ya tare hanya babu wurin hayewa, nan ma ba a fasa duka. Kontraplake faifai-faifai ne, ka ɓamɓare baget a hankali da bakin sizo, ka cire ƙusoshin faifai guda, shi sauko, ka samu babbar taga ka yi duk abin da za ka yi ka maida shi. Kafin ka maida ka duba katakan, in gara ta ci su lokacin magani ke nan. Ga plako ana yanka ɗan murabba'i a ƙarƙashin ƙarfen a wuce da waya a maida a shafe. Kuma ka tsara tafiyar wayar ta bi tsawon katakai, ka tsallaka sau ɗaya kawai daga layi zuwa layi, a wurin da ya fi sauƙi.

Wace waya? Kabul mai riga biyu, baƙin nan da ake ce ma R2V, mai waya uku na 1,5. Wayar fil guda-guda ba a shimfiɗa ta tsirara cikin plafon, sai cikin gen, kuma jan gen ta ƙananan ramuka wahala ne, shi ya sa kabul ya fi. Wayar nan mai laushi fara siririya ta rediyo da wasu ke ja don arha, kada ta shiga plafon ɗinka. Wajen saye ka ce a yanko maka ɗan guntu ka kankare da wuƙa, in cikin ya fito fari to alminiyom ne anka shafa ma jan ƙarfe, shina karyewa wurin haɗi shina zafi, bar shi ko da rabin kuɗɗi ne. Kabul shi kwanta bisa katakai, kada shi taɓa tol, ga zafi ga kaifi. A kowane rami ka bar rarar santi 30 tana lilo, don ka yi haɗinka a ƙasa kana gani, gobe ma spot shi sauko ba tare da ya ja komi ba.

Haɗi a jere ake yi amma kowane spot na samun 220 ɗinshi cikakke, wato kabul ya shigo rami, wani ya fita zuwa na gaba, faz, wato wayar da ke kawo wuta, da faz da wayar spot wuri guda, netir, wato wadda wutar ke komawa ta ciki, da netir da ɗayar wayar spot wuri guda. Shuɗi netir ne, kore da ɗorawa ta ƙasa ce, faz kuma ja ko ruwan ƙasa ko baƙi. Ko spot ɗinka na roba ne ba shi buƙatar ta ƙasa, ka haɗa ta ta wuce har rami na ƙarshe, wata rana za a sa na ƙarfe. Ka yi amfani da mahaɗin wayar nan Wago mai ƙofa uku, na gaske, ko domino mai bis da anka ɗaure da kyau, ka sa su cikin ɗan bwat, wato akwatin haɗin waya, da zai iya wucewa ta ramin. Murɗa waya da hannu a naɗe da sikoci, wanda shi ne anka saba, shi ne abin da na fi tsana a aikin ga. Zafin plafon na narkar da danƙon sikoci, shi saki, haɗin shi yi sako-sako, shi fara tartsatsi a bisa busasshen katako cikin dare kowa na barci.

Wutar daga tsohon ampul za ka ɗauko, makunninshi shi zama na spot. Amma ka bincika abu biyu. Na ɗaya, makunni faz ya kamata shi yanke, kuma gidaje da yawa netir anka yanke. Alamarshi ita ce ka kashe makunni amma LED na ɗan haske dishi-dishi cikin dare, kuma haɗarin shi ne fitila a kashe amma wuta na jikin waya. In haka ne a gyara tun daga bwat. Na biyu, tunda ampul ɗin na kusa da panka, ka tabbata ba wayar da ta fito daga regilater na panka ka kama ba, LED ba shi jure wannan, zai yi ta kyaftawa transfo shi mutu.

In kana son makunni biyu, uku-uku, sai an ƙara waya guda zuwa bango. In tsoffin wayoyin cikin gen suke, ka ɗaura sabbi biyu ga tsohuwa guda ka jawo. In ka ja ka ji ko motsi babu to maso ya binne su cikin siminti ne, kada ka matsa, ko gulot a fuska ko irin makunnin nan mai telekomand da ake sa ɗan akwatinshi cikin ramin spot na farko.

Nauyi ba matsala ba ne, shida sau wat 6 wat 36 ke nan, bai kai tsohon ampul guda na wat 60 ba. Ƙa'idar Faransa NF C 15-100, wadda da ita anka koyar da galibinmu, ta ce layin fitila waya 1,5 ne, disjonkter kada shi wuce amper 16, ni 10 nake sawa. Abin da zan roƙe ka shi ne ka duba tablo ɗinka ko akwai diferansiyel na 30 mA, wato makashin da ke yanke wuta da kanshi in ta kama mutum. Babban disjonkter na kusa da konter sau da yawa na 500 mA ne, karanta jikinshi ka gani, wannan ba shi ceton mutum in wuta ta kama shi. In babu na 30, kuɗɗin da za ka sa ciki ya fi na spot ɗin duka amfani.

Abin da ke kashe faifayin LED garin nan ba fitilar ba ce, transfo ne. Zafin sama da hawa da saukar kuran ke cinye shi. Kada ka ɗora shi bisa bayan fitilar, ka tura shi gefe shi kwanta bisa plafon shi sha iska, kuma in akwai soso ko len-da-ber na hana zafi a sama ka ture shi kamar santi 10 kewaye. In guda ya fara kyaftawa bayan shekara, jawo shi ƙasa ka canza transfo mai lambobi iri ɗaya, ba sai ka sayi sabuwar fitila ba. In wata rana za ka kai aikin cikin dush, can sai mai jure fantsamar ruwa, mai lamba IP44 ko sama, kuma bisa wurin wanka kai tsaye mai bolt 12 ake sawa transfo na can nesa da ruwa.

Kafin ka tura su ciki ka bar duka shida suna lilo, ka sauko daga tsani, ka maida wuta ka kunna. Ka bar su minti 15, ka sake kashe disjonkter ka taɓa kowane haɗi, in akwai mai ɗumi ka sake shi. Sannan ka tura bwat da transfo, ka ɗaga kunnuwan nan biyu masu sifirin ka shigar, ka kiyayi yatsunka don suna kamawa da ƙarfi. In kontraplake ɗin ya yi siriri har spot na lilo, ka yanka ƴan guntayen katako biyu ka manna ta ciki inda kunnuwan ke sauka. Tsohon ramin tsakiya kuma in akwai haɗi a ciki ka rufe shi da marfi mai bis, kada a shafe shi da platir.

In gidan haya ne ka nemi izinin mai gida kafin rami na farko. In naka ne, tunda kafinta zai iya zuwa, ka sa shi buɗe maka ƙofa ta santi 60 bisa 60 cikin kulwar inda ido ba shi kaiwa, za ta yi maka amfani ranar yoyon ruwa ko jan wayar kilim. Kuma in ka leƙa da salula ka ga tsoffin wayoyi baƙi ƙirin ko ɓera ya ci rigarsu, tsaya nan, turo min hoton mu gani kafin ka ɗora sabon aiki bisansu.